Kun kai mu Amurka kun tsallake Akokan

Assalamu alaikum malam edita, ya aiki ya jama'a. Gaskiya shirinku na daren Talata ya ɓata min rai, kwana biyu abin na cina shi ya sa na ce bari dai in rubuto.

Minti talatin cur kuna ba mu labarin Hanford, tsohon wurin sarrafa sinadarin makaman nukiliya a Amurka, yadda gwamnatin Amurka ke ɗaukar injiniyoyi da masu auna tururin nukiliya da masu walda da masu sarrafa na'ura daga nesa, tankoki 177 na sharar nukiliya binne cikin ƙasa, ana ta aikin share wurin tun 1989 har yau ba a gama ba, baƙon naku kuwa sai yabon albashi yake yi. To mun ji. Amma haba malam, ko sau ɗaya ba ku ambaci Akokan da ke kusa da Arlit ba, alhali tun ranar 31 ga Maris 2021 aka rufe Cominak, kamfanin haƙar uraniyom na can, kuma dusar uraniyom kusan tan miliyan 20 ce jibge a can cikin ƙasarmu, wadda aka tsara rufe ta da laka da duwatsu kaurin mita biyu. Sinadarin radiyom da ke cikinta sai ya yi shekara 1600 kafin rabin ƙarfinsa ya tafi, ga iskar radon da ke fita daga ciki, ga ruwan ƙarƙashin ƙasa da mutanen Arlit ke sha wanda dole a riƙa aunawa. Wa zai yi wannan awon nan da shekara hamsin in ba yaranmu ba? Wannan ce tambayar da na zauna jira har aka rufe shirin ban ji ta ba.

A fada muka saurara, ni da ƙanena, shayi na kan wuta. Yaron nan ya yi lisans a fizik, shekara huɗu ke nan da gamawa, yanzu kabu-kabu yake yi tsakanin Kasuwar Dole da tasha, dipilom ɗinsa na cikin leda ƙarƙashin katifa. Da baƙonku ya fara lissafa ayyukan sai na ga ya ajiye kofi ya matso da rediyon kusa da kunne, da aka gama ya juyo ya ce min "yaya, to mu nan wa ake kai wa takarda?" Wallahi ban da amsa, kunya ta kama ni kamar ni na shirya shirin.

Kuma ba wai ba mu san aikin ba ne. Kawunmu ya yi shekara ashirin da wani abu a ramin haƙar uraniyom can arewa, har yanzu yana ba mu labarin ɗan abin awon da suke maƙalawa a jiki ana karɓa a duba yawan tururin da mutum ya ɗauka, da mutumin da ke yawo da na'ura yana auna iskar ramin, ya ce in wannan ya ce a fita to ko shef bai isa ya ce a tsaya ba. Irin wannan aikin nake so ƙanena ya ji an yi bayani da Hausa, wane karatu ake yi, shekara nawa, a ina, akwai kwankur ko babu. Muna da makarantun koyon aikin ma'adinai, EMIG a Yamai da EMAIR a Agadas, akwai cibiyar binciken tururin nukiliya ta IRI a jami'ar Abdou Moumouni, ga hukumomin kula da harkar nukiliya HANEA da ARSN, me ya hana ku gayyato ko mutum ɗaya daga cikinsu ya zauna gaban makirfo? Tun 2009 ƙungiyar kare muhalli ta Greenpeace ta samu ƙarafa masu tururi a kasuwar Arlit, ku tambaye su mana ma'aikata nawa gwamnati ke da su masu bin irin wannan da na'ura, kuma nawa ake shirin ɗauka.

Sannan don Allah lambar wayar nan da kuke bayarwa, sau tara na kira daren nan, ko dai a kashe ko ta yi ta ringin ba mai ɗauka, amma kullum muryoyin mutum uku zuwa huɗu muke ji suna gaishe-gaishe har lokaci ya ƙare. Ku gyara wannan ma.

Ina jiran shirin Akokan, ƙanena ma yana jira.

Naku mai sauraro daga unguwar Birni, Damagaram.