Sanarwa: zama kan ɗaura ƙarin albashi a kan ƙwazon malami

Assalamu alaikum malamai, barkanmu da aiki.

Ranar Asabar mai zuwa, bayan sallar La'asar, za mu zauna a ɗakin malamai na makarantarmu da ke cikin birni domin tattauna batun biyan malami ƙari gwargwadon sakamakon ɗalibansa. Muna so mu haɗa matsaya ɗaya a rubuce mu miƙa wa wakilinmu na ƙungiyar malamai ta Najeriya (NUT).

Masu goyon baya na cewa bai dace mai shiga aji kullum da mai fashi su karɓi abu ɗaya ba, kuma da gaskiyarsu. Matsalar tana wajen ma'auni. Idan makin jarrabawar ƙarshe kaɗai za a duba, malamin da ke da yara sama da 100 a aji, rabinsu a zaune a ƙasa, ya faɗi tun kafin a fara. Sannan hakan na buɗe ƙofar gyara maki: a Atlanta ta Amurka, a 2015 kotu ta samu malamai da jami'an ilimi 11 da laifi kan sauya amsoshin jarrabawar ɗalibai. A ganina, abin da ya kamata a auna shi ne ci gaban yaro daga zangon farko zuwa na uku.

Don Allah kowa ya zo da adadin ɗaliban ajinsa, rajistar halarta, da makin zangon farko da na uku, ba tare da sunayen yara ba. Wanda ƙarin girmansa ya makale ya rubuto matakin albashinsa da shekarar da aka yi masa na ƙarshe.

Wanda ba zai samu zuwa ba ya turo ra'ayinsa nan kafin daren Juma'a.

Allah Ya ba mu ikon halarta. Na gode.