Zuwa ga mutumina na ƙasar ƙanƙara

Assalamu alaikum. Wata bakwai kenan rabon da in ji ɗuriyarka in ban da "barka da Juma'a" ɗin nan da kake jefowa a WhatsApp kamar mai biyan bashi, to ni dai na gaji, yau zama na yi musamman, ka karanta ko kar ka karanta. Gida lafiya lau. Inna tana gaishe ka, ta ce wai har yanzu sanyin Kanada bai koro ka ba? Akwai abin da zan roƙe ka, amma bari ka fara jin yadda sikirin ɗin wayata ya fashe, don kai ne sila.

Ka tuna bidiyon da ka tura a guruf, na masu zamiya a kan dusar ƙanƙara, mutum ya taho a guje da katako biyu a ƙafa ya hau tudu ya tashi sama yana juyi a karkace, shi ba alkafura ba shi ba katantanwa ba? Kai ka tura ka yi barcinka, mu ka bar mu da masifa. Kwana uku ana musu a teburin mai shayi. Dogo ya rantse haɗin kwamfuta ne, wai ɗan Adam ba ya juyawa ta hanya biyu a lokaci guda. Ɗan Baba ya ce igiya ce aka ɗaura masa aka goge. Tsohon nan mai goro kuwa cewa ya yi ku bar yaro, yana da mutanen ɓoye. Sai aka waiwayo kaina, to malamin fiziks yanke mana hukunci, ka san ba a tunawa da ni sai irin wannan ranar.

Na sayi data na kwana a kai wallahi. Wannan juyin karkacen "kok" suke ce masa, in ka ji kok biyu to sau biyu mutum ya karkace haka a tsalle ɗaya, kuma jimillar juyin lissafinsu da digiri ne, zagaye ɗaya 360. Wata yarinya Eileen Gu da ta yi wa Chaina wasa, a Olamfik na Beijing a 2022 ta yi kok biyu da digiri 1620 a tsallenta na ƙarshe ta ɗauke zinare, zagaye huɗu da rabi fa kenan, kuma kai tsaye ake nunawa ga alƙalai ga 'yan kallo, ina aka samu lokacin editin? Wani ɗan Suwizalan, Andri Ragettli, tun 2017 ya yi kok huɗu da 1800 a Italiya. Har da 'yar garinku Megan Oldham, a 2023 ta zama mace ta farko da ta yi kok uku a gasa. Na ce 'yar garinku don na ga alama ka zama ɗan gari, hoton da ka sa na ƙarshe ko hula babu.

Ga yadda na yi musu bayani. Juyin da za ka yi a sama tun a bakin tudun kake auno shi, da ƙafarka ta bar ƙasa an rufe awo, ba ƙari ba ragi, don babu abin da za ka tokara a iska. Abin da ya rage a hannunka shi ne yadda za ka raba shi. Ka dunƙule jiki, juyin ya yi sauri. Ka ware hannu, ya lafa, da haka suke tsayar da shi kafin su dira. Karkacewar kuma a wajen tashi mutum yake sauke kafaɗa ɗaya ya jefa ta gefe, sai jikin ya riƙa kewayawa a kishingiɗe kamar mazarin kakarka in ya fara gajiya, kansa na lilo amma juyin bai tsaya ba. Dogo ya ce surutu ne, a nuna masa.

Nan shaiɗan ya shiga. Na ciro wayata na ce ku duba. Na cilla ta a kwance kamar faifai, ta yi juyinta tsaf ta dawo hannuna. Na murza ta ta tsawonta, lafiya lau. Sai na ce to yanzu zan sa ta alkafura, kai ya koma gindi, ku lura ba wanda zai taɓa ta amma sai ta murɗe gefe da kanta. Kuma ta murɗe! Kowa ya gani, bayanta ya koma gaba, har Ɗan Baba ya ce kai, sake. Wannan abu sananne ne, duk abin da faɗinsa da tsawonsa da kaurinsa suka bambanta yana da hanyar juyi uku, biyu suna zama daram, ta tsakiyar ba ta zama. Wani ɗan sama jannatin Tarayyar Sobiyet, Dzhanibekov, ya ga haka a 1985 da wani noti mai kunne yana juyi a tashar sararin samaniya yana kifewa da kansa. Ina cikin ba da wannan labarin ina cillawa karo na huɗu, idona na kan Dogo don in ga yadda fuskarsa ta yi, sai ji na yi tas a gefen bencin. Mai shayi ya ce Malam, ita ma kok nawa ta yi?

Kar ka yi dariya, har yau da rabin sikirin nake karanta saƙo.

Af, kafin in manta, an ɗaga bikin Ɗan Baba zuwa bayan sallah, wai ɗakin bai bushe ba, amma kowa ya san maganar akwati ce. Riɗi ya yi kyau bana, na kai buhu uku Maigatari ranar Alhamis, kuɗin ko ɗumi ba su yi a aljihuna ba, bashin taki ya cinye. Famfon bakin masallaci ya sake lalacewa.

To washegari sai ga Dogo da sabon bidiyo, ya ce wannan fa? Wani Ba'amurke Alex Hall, shi ma ya ci zinare a Beijing ɗin, yana juyi har zagaye uku sai a ƙarshe ya janyo rabin zagaye baya ya dira. Ya ce ba kai ka ce ba ƙari ba ragi ba? Gaskiya na yi shiru na ɗan lokaci. Sai kyanwa ta faɗo min a rai. Ka sake ta ƙafa a sama, ba ta tokari komai ba amma ta dira da ƙafa, gabanta take murɗawa gefe guda bayanta ya tafi ɗaya gefen, tana miƙe ƙafafu tana janyewa. Wani Bafaranshe Marey ya ɗauki hotunan haka tun 1894. Rabin zagaye za ka iya aronsa tsakanin kafaɗa da ƙugu. Amma a ce mutum yana tsaka da katantanwa ta dama ya birkice ya kama katantanwa ta hagu yana ta yi, wannan kam in ka gani to kwamfuta ce, na yarda da Dogo. Ɗaya iyakar kuma lokaci, sakan biyu zuwa uku kawai suke yi a sama, ka cusa zagaye biyar a ciki ka ga ko idonka ma zai ga ƙasa. Da ƙyar na hana yara kamo kyanwar mai shayi.

Abin da ya dame ni yanzu yaran ne. Ka san tsohuwar tayar nan da suka binne rabinta a yashin bayan makaranta suna dako a kai suna alkafura, irin wadda ta cire maka haƙori? To labari ya kai musu, yanzu kowa kafaɗa yake saukewa wai kok. Shekaranjiya ɗaya ya dira a kan kafaɗar, sai da aka kai shi wajen mai ɗori, uban ya zo har gida, bai ɗaga murya ba amma ya ce Malam ashe abin da kuke koyarwa kenan. Na ji kunya sosai. Na tara su na ce waɗancan sai sun yi shekaru suna gwadawa a kan ragar tsalle da wata ƙatuwar katifar iska kafin su taɓa ƙanƙara, kuma wajen dirarsu gangare ne, jiki zamewa yake ba dukan ƙasa yake ba. Suka ce to. Jiya da la'asar na hango su sun jawo tsohuwar katifa.

Dogo dai har yanzu yana kan bakansa, ya ce sai ka je wajen da kanka ka ɗauko da wayarka, ana jin muryarka kana Hausa a ciki. Don Allah ka je, amma ka tsaya a ƙasa, kar ka ce za ka hau katakon, mun san yadda kuka ƙare da keken Baffa.

Kuma wai da gaske ne abin da ƙanwarka ta gaya wa matata?

Naka,
Malam