Kada a gina wa'azi kan kalmar Girkanci guda ɗaya

Malam Edita, barka da aiki.

Ina roƙon fili in ja hankalin masu wa'azi da Hausa a majami'un Asawasi da Aboabo kan wata koyarwa da ta yaɗu. A Yohanna 21:15-17 Yesu ya tambayi Bitrus sau uku ko yana ƙaunarsa, kuma nassin Girkanci yana da kalmomin ƙauna biyu a wurin, agapao da fileo: Yesu ya yi tambaya biyun farko da agapao, ta uku da fileo, Bitrus kuwa da fileo ya amsa duka. Sai ake cewa ta farko ƙaunar Allah ce tsantsa, ta biyu son abota ne mai rauni, wai Yesu ya sassauto a tambaya ta uku da ya ga Bitrus ya gaza. Da yake Hausa tana da "ƙauna" da "so", bayanin yana shiga kunne nan da nan.

Amma Yohanna kansa bai raba su haka ba. Ƙaunar da Uba yake yi wa Ɗa agapao ce a 3:35, a 5:20 kuma fileo. Li'azaru ma an faɗi ƙaunar Yesu gare shi da fileo a 11:3, da agapao a 11:5. Har mutanen da suka fi son duhu da haske a 3:19, agapao aka yi musu amfani da ita, haka ma Dimas da ya bar Bulus don son duniya a 2 Timoti 4:10. A cikin hirar da Bitrus ɗin ma inda Yesu ya ce masa ya yi kiwon tumakinsa, marubucin ya yi amfani da kalmomi dabam-dabam don kiwo, haka ma don tumaki, salonsa ke nan. Abin da ya ɓata wa Bitrus rai shi ne tambayar ta kai uku, daidai da musun sanin Yesu da ya yi sau uku a sura 18.

Matsalar takan faro ne daga manhajar waya: mutum ya taɓa lambar Strong, wato lambar da ƙamus ɗin Strong ya ba kowace kalmar Girkanci, 25 ta agapao ko 5368 ta fileo, ya ga jerin ma'anoni, ya ɗauki wadda ta yi masa daɗi. Kafin a hau mumbari, a fara tattaro duk wuraren da marubucin nan ya yi amfani da kalmar, a karanta sakin layin gaba ɗaya, sannan a gwada fassarar Hausa biyu da ta Asante Twi. In duka ukun ba su nuna bambancin ba, kada a gaya wa jama'a cewa mafassara sun ɓoye musu wani abu, domin hakan yana sa su daina amincewa da Littafi Mai Tsarkin da ke hannunsu.

Mai karatunku,
Malamin ajin nazarin Littafi Mai Tsarki, Asawasi, Kumasi