Wasiƙa daga Yamai: lokacin da raƙumi ya riƙe gari

Mutumina,

Gaisuwa mai yawa. Ina Hajiya da yara, yaya ruwan Kumasi? Shirun naka ya yi yawa, ko sai na aiko maka da kuɗin kati?

Musu ne ya tashi a fadarmu daren Juma'a. Yaron nan mai gyaran salula ya ce Sawaba, tsohuwar jam'iyyar Djibo Bakary ta nan Nijar, ai 'yan tawaye ne kawai. Tsohonmu tela ya dire kofin shayi ya ce, "Yaro, kafin a haifi babanka mun ci zaɓen garin nan." Ka san shi in ya hau, har gawayi ya mutu bai sauka ba.

Kuma gaskiyarsa. A Nuwamban 1956 aka yi zaɓen gari, Djibo Bakary ya zama zaɓaɓɓen magajin garin Yamai na farko. Tsohon malamin makaranta ne, ɗan ƙungiyar ƙwadago, kuma masu ɗaga shi su ne direbobi, 'yan kamasho, teloli da 'yan dako. Alamarsu raƙumi, ta abokan hamayyarsu, su Diori Hamani, wanda daga baya ya zama shugaban ƙasa na farko, giwa. Daga kujerar nan ta gari suka taka suka ci zaɓen majalisa a Maris 1957, Djibo ya shugabanci gwamnati. Abin da ke ƙona mini rai ke nan: kowa na tuna bindigogin tawayensu na 1964 da gurnetin da aka jefa wa Diori a filin Idi a 1965, amma ba mai tuna cewa da ƙuri'a suka fara shigowa.

Kai da ka taɓa tsayawa takarar kansila ka samu ƙuri'arka da ta Hajiya (ita ma ban rantse ba), ya kamata ka girmama masu cin zaɓe.

Ƙarshen ka san shi. A ƙuri'ar raba-gardama ta 28 ga Satumba 1958 kan zama tare da Faransa suka ce a'a ga de Gaulle, amma Faransa ta riga ta turo gwamna Colombani, "i" ta yi rinjaye, gwamnati ta kuɓuce musu, garin ma haka. A Oktoban 1959 aka haramta jam'iyyar. Djibo ya yi gudun hijira, har Ankara taku ya zauna, ya dawo zamanin mulkin soja na Kountché aka kulle shi, ya rasu a 1998. An farfaɗo da sunan a shekarun 1990, amma suna ne kawai, ba jama'a.

In ka samu tsofaffin zango, tambaye su ko sun ga 'yan Sawaba a zamanin Nkrumah. Tela na son ji.

Af, auren ƙanwar maƙwabcinmu an ɗaga shi zuwa bayan Sallah, wai kayan ɗaki ba su iso daga Maraɗi ba. Kilishin da na yi maka alkawari yana nan, sai dai yara sun gano inda na ɓoye shi. Akwai wata tambaya da na so yi maka tun farko, ta shige mini. Ka kira dai.

Naka,
Na Yamai