Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Gwamna Dauda Lawal kan mutanenmu da ke kwana a kangaye

Mai Girma Gwamna, assalamu alaikum.

Ranka ya daɗe, tun da ka karɓi mulki ranar 29 ga Mayun 2023 maganar tsaro ce a bakinka, kuma mun ga ƙaddamar da Askarawan Zamfara a farkon 2024. Allah Ya ba su sa'a. Ni kukana a kan waɗanda suka tsere wa 'yan bindiga ne, suka iso gari da ransu, daga nan kuma babu wanda ya sake tambayar inda suke kwana.

Suna cikin kangaye da gine-ginen da ba a ƙarasa ba, da azuzuwan firamare, da rumfunan kasuwa bayan an tashi. A Anka, mutane sun yi shekaru a cikin ginin sabuwar fadar sarki da aka bari ba a gama ba. Wanda bai sami bango ba sai ya kafa itace, ya kewaye da karan dawa, ya rufa da leda da buhunan siminti. Da damina a tsaye ake kwana, uwa na riƙe da jariri har ruwa ya ɗauke. Da hunturu kuwa tari ne ke kama yara. Babu makewayi, babu ruwa mai tsafta, shi ya sa amai da gudawa da ƙyanda ba sa daɗewa ba su zagayo ba. A tambayi likitocin ƙungiyar agaji ta MSF da suka yi aiki a Anka da Shinkafi da Zurmi irin yaran da tamowa ke kai musu.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne matan da aka kashe wa maza. Mace ta yi takabar wata huɗu da kwana goma a ɗakin da ba shi da ƙyaure, tsumman zane ne tsakaninta da mazan da ba ta sani ba, kuma dole ta fita bara don marayu su ci. Waɗannan fa manoma ne da ke fitar da zakkar dawa da gero duk kaka, a jihar da take kirari da noma.

Na san abin da ake cewa a ofisoshi: idan aka buɗe sansani, mutane za su zauna su ƙi komawa gida. Ranka ya daɗe, wane gida? Ƙauyen da sai an biya ɓarayi haraji kafin a yi shuka, a sake biya kafin girbi? Babu manomin da ke son kwanan kango. Rashin sansani bai mai da kowa ƙauyensu ba, ɓoye su kawai ya yi daga idon hukuma, kuma wanda ba a ƙidaya ba ba ya shiga kasafin kuɗi. Najeriya ta amince da Yarjejeniyar Kampala ta 2009 tun a 2012, wadda ta ɗora wa gwamnati nauyin kula da masu gudun hijira a cikin ƙasarsu. Haƙƙinsu ne, ba sadaka ba.

Ka sa hukumar agajin gaggawa ta jiha ta yi rajistarsu a ƙananan hukumomi 14, tare da hakimai da masu unguwanni, domin su suka san wanda ya sauka a ina. A ware fili kusa da jami'an tsaro, a yi ɗakuna ko da na kwano ne, da rijiyar burtsatse da makewayi. 'Ya'yansu a karɓe su a makarantar da ta fi kusa ba tare da neman wata takarda ba, ai wanda ya gudu cikin dare bai tsaya ɗaukar takarda ba. Kayan tallafi kuma a raba su da wannan rajista, kada a bi ta hannun 'yan siyasa.

Muna roƙon a fara kafin ruwan farko ya sauka.

Wassalam,
Wani malamin firamare, Gusau