Amsa ga ƴar'uwar da ta tambaya ko ciwon daji gado ne

Assalamu alaikum ƴar'uwa,

Ranar da aka buɗe layi a shirin lafiya na rediyo nan Tawa, kin ce ciwon dajin nono ne ya yi ajalin mahaifiyarki da ƙanwarta, kika tambaye ni: gado ne, ko jifa ne yadda dangi ke faɗa? Lokaci ya ƙure ban gamsar da ke ba, abin ya tsaya mini a rai. Allah ya jiƙansu.

Ba jifa ba ne. Jikinmu tarin ƙananan ƙwayoyi ne da ido ba ya gani, suna rabuwa biyu don maye gurbin waɗanda suka mutu. Kowace tana ɗauke da rubutun da ake kira DNA, kuma kafin ta rabu sai ta kwafe shi, kamar almajiri da allonsa. Hannu kan goce. Yawanci jiki na gyara kuskuren, in ya ƙi gyaruwa a kashe ƙwayar. Babban mai duban allon shi ne wani sinadari a cikin ƙwaya da ake kira p53, kuma a kusan rabin cututtukan daji ana samun shi kansa a lalace. Wasu layukan rubutun ƙaimi ne, wasu linzami. In ƙaimi ya maƙale, linzami ya tsinke, sai ƙwaya ta yi ta hayayyafa har ta zama ƙari. Kuskure ɗaya ba ya isa, sai sun taru shekara da shekaru.

To gado fa? Kashi 5 zuwa 10 cikin 100 ne kawai ke biyo jini, amma mata biyu ciki ɗaya abin lura ne. Akwai linzamai biyu, BRCA1 da aka gano a 1994 da BRCA2 a 1995. Kowannensu biyu-biyu muke da shi, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Wadda ta gaji ɗaya a tsinke, guda ya rage mata, shi ya sa ciwon kan zo wa irinsu da wuri. In ma mahaifiyarki na da wannan tawaya, rabi-rabi ne ki gada, kuma akwai masu ita da suka tsufa lafiya lau.

Don Allah kada ki jira zafi, domin ƙullutun farko sau da yawa ba ya ciwo. Ki je a duba ki, ki faɗi shekarun da mahaifiyarki da ƙanwarta suke da su lokacin da ciwon ya bayyana. In an ga abin shakka, akwai cibiyar yaƙi da ciwon daji ta ƙasa a Yamai. Ki tafi da ƙannenki mata, ki kuma sanar da mazan, don su ma suna iya miƙa wa ɗiyansu.

Wassalam,
Ɗan'uwanki ma'aikacin lafiya, Tawa