A Bar Wa 'Yan Asalin Kanada Riƙon 'Ya'yansu

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Wani abu na ci mini tuwo a ƙwarya. Ƙidayar Kanada ta 2021 ta nuna 'ya'yan 'yan asalin ƙasar ba su kai kashi 8 cikin 100 na yara ba, amma su ne fiye da rabin waɗanda hukuma ta kai riƙo gidajen wasu. Yaro ya tashi a hannun bare alhali kakarsa na raye, ta yi masa magana da harshensu ya yi zuru!

Dokar C-92 da ta fara aiki a 2020 ta ba al'ummomin ikon riƙe 'ya'yansu, Kotun Ƙoli ta tabbatar a 2024. Mutanen Cowessess, wata al'ummar 'yan asalin ƙasar, sun karɓi ragama tun 2021. Ina roƙon gwamnati ta sakar musu isassun kuɗin aikin.

Naka,
Mai karatu daga Kano